Gurbin Yatsu a Ƙasan Ƙofa

Guntun katako biyu Goggo ta dire a gabana, kowanne bai fi faɗin littafi ba, ta koma ta zauna tana fifita da gefen mayafi.

"Zaɓi ɗaya," ta ce. "Injiniya ya ce kicin ɗinki ne, ke za ki zaɓi murfin kabad da na durowa. A ina kika taɓa ganin namiji irin wannan? Ni da aka kai ni, ko ƙusar rataye ludayi ban tarar ba."

Na ɗauki na farko. Fari ne fat, sumul, babu komai a jikinsa. Irin wanda ake dannawa ya buɗe da kansa ne. Na biyun ma ba a ɗaura masa ƙarfe ba, amma a bakinsa na sama an fafe gurbi inda yatsu za su shiga su jawo. Ina sa hannu yatsuna suka zauna daram.

Na janye hannuna da sauri.

Kafinta ɗaya na sani da yake fafe mariƙi daidai da hannun mai kaya. Sai ya sa ka ɗora hannu a kan katako, ya zagaye shi da fensir, sannan ya fara aiki. Haka ya yi mini shekara uku da suka wuce, ranar da ya zo yi mana kanta a shagon maganin da nake aiki. Ya zagaye hannuna bai taɓa ni ba, na koma gida na kasa cin abinci.

"Goggo, wa ya kawo waɗannan?"

Ta kau da kai. "Ma'aikaci."

"Wane ma'aikacin?"

"Ke, kada ki raina mini wayo, kin san shi. Yana baranda yana jiran amsa. Ki je ki faɗa masa wanda kika zaɓa ki dawo. Minti biyar na ba ki, ina kallon agogo."

Sau uku Kafinta ya turo manyansa gidanmu, sau uku Baba ya ba su ruwa ya sallame su. Ya ce bai kai ni jami'a don in ƙare ina kakkaɓe ƙurar katako daga shimfiɗa ba. Baba kuwa bai taɓa yi mini dole ba, wannan kam a ba shi. Yana da abin da ya fi dole. In na gaishe shi sai ya ɗaga kai kawai. In na kawo masa shayi sai ya bar shi ya huce. Goggo, wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, ita kuma ta riƙe ɓangaren kuka, tana tuna mini kullum cewa saura shekara ɗaya in cika talatin, kamar ni ce na manta.

Ana cikin haka Injiniya ya ɓullo. Mutum mai sanyin murya, mai farin kaya, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga harshe ba. Ya taɓa aure, aka ce matar ta sami taɓin hankali, danginta suka tafi da ita. Wata takwas na yi ina turjiya. Ranar da na ga Baba ya kasa tashi daga kujera sai da ya dafa bango, na ce to. Ranar Asabar manyan Injiniya za su zo a tsayar da magana.

Na sami Kafinta tsaye a baranda, fensir a bayan kunne. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Likita," ya ce.

Haka yake kirana, ni da ko allura ban iya ba. Da can in ya faɗa sai in harare shi. Yau hawaye ne suka riga ni amsawa.

"Duk kafintocin garin nan sai kai?" na ce. "Kai za ka yi mini kicin a gidan wani? Ba ka da zuciya ne, Mai Fensir?"

"Ita ce ta kawo ni."

"To ka koma da ita. Na gaji. Wallahi na gaji."

Ya duba ƙofar falo, ya rage murya. "Ba roƙonki na zo yi ba. Na haƙura da ke, Allah ne shaida, ko da yake haƙurin bai haƙura da ni ba. Amma ki saurare ni minti biyu. Ni na yi kicin ɗin gidan Injiniya na farko, shekara huɗu ke nan."

"Sai aka yi yaya?"

"Ya ce ba ya son mariƙi ko ɗaya. Ban ga laifi ba. Mutane da yawa suna so, ya fi sauƙin gogewa, ba ya kama riga, yaro ba ya buga kai. Na yi masa kabad da durowa duk na dannawa. Sai muka zo kan ƙofar kicin ɗin kanta."

"Ina jin ka," na ce.

"Ya ce in lulluɓe ta da irin katakon kabad ɗin, ta saje da bango. Ta riƙa buɗewa zuwa ciki. A sa mata ƙarfen da ke mayar da ita ta rufe da kanta. Daga waje turawa kawai za ka yi. Na ce, ranka ya daɗe, na ciki fa, da me zai ja? Ya ce, na ciki ai ba ya fita sai an buɗe masa. Ya yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini."

Na dafa ƙarfen baranda, yana ƙuna da rana, ban janye hannu ba.

"Matar ita ke kawo mana ruwa. Kwana goma sha ɗaya na yi a gidan, ban ji muryarta ba. Ranar ƙarshe, yana waje yana waya, ta zo ta tsaya a kaina. Ta ɗora hannunta a kan guntun katako ta ware yatsu. Ban tambaye ta ba, ba ta ce komai ba. Na zagaye. Na fafe mata gurbi a gefen ƙofar, can ƙasa, taƙi ɗaya daga daɓe, inda ba mai gani sai wanda ya durƙusa. Bayan wata biyu na ji an ce ta haukace, ta fita titi da rana ba takalmi."

"Shi ne ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Injiniya kika ce mini. Injiniya nawa ne a garin nan? Sai jiya da ya kira ni na gane shi ne. Ya ce, zo ka sabunta mini kicin, amaryar ai ka san ta."

Na jingina da bango. Hawaye ya bar zuba.

"Ko ba ni ba," ya ce. "Ki auri kowa, ki auri maƙiyina, zan zo in yi muku gado da hannuna. Amma kada ki shiga gidan Injiniya. In kuma an fi ƙarfinki, ki zaɓi mai gurbin. Ki ce har ƙofar. Ki faɗa a gaban mutane yadda ba zai iya janyewa ba."

"In ƙarya kake fa? In kishi ne?"

"Kishi kam ina da shi, ya ishi mutum goma. Amma gurbin yana nan. Katako bai iya ƙarya ba."

"Minti biyar ya cika!" Goggo ta ƙwala daga ciki.

Da yamma na durƙusa gaban Baba na zayyane masa komai. Rabon da ya dube ni ido cikin ido har na manta. Goggo kuwa tun ban kai ƙarshe ba ta fara tafa hannu.

"Hassada ga mai rabo taki! Yaya, ka ji sharri? An hana shi, shi ne zai ɓata bawan Allah. Ƙofa! Ina aka taɓa fasa aure saboda ƙofa?"

Baba ya ɗaga mata hannu.

"Ba na son yaron nan," ya ce, "amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Gobe ki je gidan, ke da goggonki. In ta ga gurbin nan da idonta, ta dawo ta faɗa mini, ni da kaina zan aika a ce kada su zo. In babu, kada in sake jin sunan kafinta a gidana, ko kujera ce ta karye. Kin yarda?"

"Na yarda, Baba."

Washegari da hantsi muka kama hanya. Muna dab da gidan Goggo ta gyara zama, ta yi tari irin na wanda ke da magana a ciki.

"Jiya na kira shi," ta ce.

"Wa?"

"Injiniya mana. Haka kawai za mu faɗa wa mutum gida kamar 'yan bincike? Na ba shi haƙuri. Na ce kada ya ji a bakin wani, ga abin da kafintan nan ya ƙulla masa, wai rami a ƙasan ƙofa."

"Goggo! Kin faɗa masa har wurin?"

"Yo me zan ɓoye? Mai gaskiya ai ba ya tsoro. Kin san me ya ce? Ya ce Allah ya shirye shi. Ko ɓacin rai bai nuna ba."

Na dube ta. Matar nan ta goye ni, ta kwana a asibiti saboda ni, ta kuma miƙa ni da ladabi ba ta sani ba.

Injiniya ne ya buɗe mana da kansa, cikin fararen kaya, hankici a hannu. Gidan tsit, babu mai aiki, babu rediyo, ko agogon bango babu. Na lura tun daga falo ba abin da ke da mariƙi. Teburin talabijin, ma'ajiyar takalma, duk sumul.

"Mama, sannu da hanya," ya ce wa Goggo. Ya juyo gare ni. "Amarya, an sa ki damuwa. Ki yi haƙuri. Zo ki ga ɗakinki."

Ya kai mu gaban wani farin bango, ya ɗora tafi ya tura. Bangon ya buɗe ba ƙara. Ya tokare shi da ƙafa muka shiga.

Fari ko'ina, daga daɓe har rufi. Taga ɗaya ce, can sama, doguwa siririya, gilashinta a kafe ba ya buɗuwa. Ba ka gane ina kabad ya ƙare ina bango ya fara. Ba abin da ke motsi sai firiji da ke gurnani a ɓoye bayan wani murfi.

Goggo ta jingina ƙugu da wata durowa, durowar ta zaro kanta a hankali. Ta yi tsalle tana salati, sannan ta fashe da dariya.

"Ikon Allah! Kamar mai rai!"

"Mariƙi datti yake tarawa, Mama," ya ce. "Kuma yana ɓata tsari. Ni ina son abu ya zauna inda aka ajiye shi."

Ya mayar da durowar, ya goge inda Goggo ta taɓa da hankici. Ya goge inda shi ma ya taɓa.

"Mama, zo in nuna miki sama. A bar amarya ta zaɓa a natse, kada a ce mun sa mata baki."

Ni ma abin da nake so ke nan, in sami wuri in durƙusa ba ido a kaina. Suka fita. Ya janye ƙafarsa. Ƙofar ta taho a hankali, ba ta sauri, ta shige gurbinta da ɗan sauti kamar an haɗiye yawu.

Muryar Goggo ta ɗauke ɗif.

Na juya, na rasa ƙofar. Wallahi na rasa ta. Murfi ne fari a jere, duk tsayi ɗaya. Na danna wannan, faranti ne a ciki. Na danna wancan, tsintsiya. Sai da na bi layin haske a ƙasa na gane ta, ita ce kaɗai wadda in ka danna ba ta amsawa.

A tsayin kafaɗata, inda hannu ke zuwa da kansa in mutum zai buɗe ƙofa, fentin ya dusashe. Ba datti ba ne. Ƙyallin ne ya mutu, da'ira guda kamar faɗin faranti, irin abin da shafa ke yi wa abu in an daɗe ana yi. Ban so na gane abin da nake kallo ba.

Na durƙusa. Taƙi ɗaya daga daɓe. Na bi gefen ƙofar da yatsu, sama, ƙasa, na sake komawa.

Babu komai. Sumul.

Na zauna dirshan. Ashe ƙarya ya yi mini? Ashe kishin ne? Na ji zuciyata ta karye gida biyu, rabi na kukan rashin gurbin, rabi na kukan mutumin da na yarda da shi fiye da kaina. A nan ƙasa ne, fuskata dab da katakon, hancina ya kama abin da idona bai gani ba. Warin sabon fenti.

Layin hasken da ke ƙasan ƙofar ya yanke a wuri biyu. Ƙafafu ne. Ban ji takunsu ba.

"Amarya," ya ce. Muryar ta zo daga ƙasa, daidai kunnena. Shi ma ya durƙusa ke nan. "Kin samu?"

Na ja da baya daga ƙofar.

"Mama tana sama, na bar ta da hotuna. Ina so in yi miki godiya ne. Shekara huɗu ina tambayar kaina ta yaya ta fita. Na canza maigadi, na zargi maƙwabta, har rashin barci na yi. Ashe abin a gaban ƙafata yake."

"Buɗe mini," na ce.

"Zan buɗe mana. Kullum ai ina buɗewa. Ita ma ban taɓa barinta ta wuce awa uku ba, sai in ta yi gardama. Kin zaɓa?"

Na sa farcen babban yatsa inda warin ya fi ƙarfi, na danna. Ya nutse. Garin katako da gam ya cusa a ciki, ya goge ya shafa fenti, amma dare ɗaya bai isa ya bushe har ciki ba. Injiniya ne, ba kafinta ba.

Na fara tono. Farce ɗaya ya karye, ban ji zafi ba sai daga baya. Abin yana fitowa dunƙule-dunƙule, yana manne mini a hannu.

"Me kike yi?" ya ce. Karon farko ke nan da na ji muryarsa ta sauya.

Yatsuna suka sami wurin kamawa. Na dafa bango da ƙafa na ja. Na ji tafinsa yana zamewa a ɗaya gefen, yana neman abin da zai riƙe ta da shi. Babu. Shi ya hana a sa.

Ƙofar ta buɗe. Yana durƙushe, hankici a hannu. Na buɗe baki iya ƙarfina.

"Goggo!"

Ta sauko da gudu tana riƙe da zani. Kafin ta iso ya miƙe, ya tokare ƙofar da ƙafa, fuskarsa ta koma yadda take.

"Ba komai, Mama. Amarya ce ta ɗan tsorata. Ga shi har ta ɓata mini fenti."

Na miƙa mata hannuna, fari da gam, jini a bakin farce. "Goggo, gurbin yana nan. Cike shi ya yi bayan kin kira shi. Ki durƙusa ki gani. Don girman Allah ki durƙusa."

Ta shigo kicin ɗin, ta dubi hannuna, ta dubi Injiniya. Ba ta dubi ƙasa ba. Ta kama yatsuna ta fara gogewa da gefen mayafinta, ɗaya bayan ɗaya.

"Ni gwiwata ba ta durƙuso," ta ce ƙasa-ƙasa. "Asabar jibi ce. Kowa ya ji, har mutanen nesa na kira. Me zan ce musu? Kina so a ce ke ma kin taɓu, kina tonon ƙofar mutane da farce?"

"Baba ya ce sai kin gani da idonki."

"To ban gani ba." Hawaye ya gangaro mata. "Ban ga komai ba, 'yar nan. Ki rufa mana asiri."

"Bari in ba ku wuri ku yi magana," in ji Injiniya cikin ladabi.

Ya janye ƙafarsa.

Goggo ba ta lura ba, tana ta gogar hannuna tana lissafa mini mutanen da za su yi da mu. Sai da ta ji ɗan sautin nan a bayanta ta waiwaya.

"Taso mu tafi," ta ce. "Ma ƙarasa a gida."

Ta miƙa hannu inda kowace ƙofa ke da mariƙi. Tafinta ya sauka a tsakiyar da'irar nan da ta dusashe, ya zame. Ta sake kaiwa, ya zame. Ta tura da kafaɗa. Ta ƙwanƙwasa, ta kira shi da sunan girmamawa, sau ɗaya, sau biyu. Firiji ne kaɗai ya amsa.

Ta daɗe tana kallon hannunta a kan farin katakon. Sannan ta dafa kafaɗata, ta sauka a hankali, gwiwoyinta na ƙara, har ta kai ƙasa.

"'Yar nan," ta ce, da muryar da ban san ta da ita ba. "Nuna mini wurin."